Riruwai ko Bukuru? Ka je Riruwai kawai

Ɗan'uwa, tsakanin garuruwan kuza biyun da ka tambaya wanne za ka ziyarta, Riruwai ko Bukuru, ni dai Riruwai zan ce maka, kuma ba don tamu ce ta jihar Kano ba.

Mutane da yawa sun ɗauka Turawa ne suka fara harkar kuza a ƙasar nan, alhali tun kafin su zo mutanen Riruwai ke haƙo ta suna narkawa ana kai ta kasuwanni. Da muka je ni da wani abokin kasuwancina, wani dattijo da ya yi aikin ma'adinai da ƙuruciyarsa shi ya ja mu a ƙafa har bakin tsohon ramin, yana ta ba mu labarin yadda garin ya cika da ma'aikata a da, da yadda aikin kamfani ya mutu a shekarun 1980, ka san a 1985 farashin kuza ya faɗi warwas a duniya. Wallahi ko sisi bai karɓa ba, har gida ya kai mu muka ci tuwon masara. Ga duwatsu ta ko'ina, ga iska mai sanyi da ba ka samu a cikin birni.

Bukuru kuma, to, tana da tarihinta, Turawa sun yi haƙar kuza sosai a wajen, amma yanzu ta haɗe da Jos, ba ƙauye za ka gani ba. Kududdufan da haƙar kuza ta bari ma zurfi ne da su, kar ka bar yara su matsa kusa.

In za ka Riruwai daga Kano, hanyar Tudun Wada za ka bi ta dajin Falgore, Riruwai ce hedikwatar ƙaramar hukumar Doguwa. Ka tashi bayan asuba ka juyo da rana tsaka, kar dare ya same ka a dajin nan.

Sai abu ɗaya, ko ina ka je cikin biyun akwai masu tare baƙo da duwatsu masu ƙyalli a leda, su ce maka zinare ne ko dutse mai daraja, wai sauri suke shi ya sa za su karyar maka. Don Allah kar ka saya. Wanda yake da kayan gaske ya san dillalinsa, ba ya tallar su a bakin tasha.