Malamar asibiti mai zuwa gida ko yarinya mai kwana: abin da na gani a jinyar Hajiyarmu

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Allah Ya ba Umma lafiya, Ya sa kaffara ne. Kin ce an sallamo ku daga asibiti bayan shanyewar ɓarin jikin da ta samu Umma, kuna shawarar ko ku ɗauko yarinya daga ƙauye ta zauna da ita dare da rana, ko ku biya malamar asibiti ta riƙa zuwa gida. Ki ɗauki malamar asibiti. Duka biyun na gwada a jinyar mahaifiyarmu, wadda ta yi shekara biyu da wata huɗu a kwance da shanyewar ɓarin jiki, kuma da yarinyar na fara.

Yarinyar ba ta da laifi. Tana shara, tana wanki, tana miƙo ruwa, in aka kira ta da dare tana tashi. Iyakar abin da zan ce a kanta ke nan. Aikin gida ta zo yi, mu muka ɗora mata jinya, har yau kuma abin yana damuna. Sati bakwai da dawowarmu gida, ina canza wa Hajiya zani na ga wani wuri a ƙasan bayanta, daidai ƙashin da take kwanciya a kai, ya yi baƙi ƙirin, tsakiyarsa ta fashe. Faɗinsa bai wuce murfin kwalba ba. Wata biyar muka yi muna wankin wannan gyambo kafin ya rufe. Ba wanda ya taɓa gaya wa yarinyar cewa mai kwance ana juya shi duk bayan awa biyu. Mu ma 'ya'yan Hajiya ba mu riƙe ba, ko da yake an faɗa mana ranar sallama, lokacin da hankalinmu yake kan kuɗin magani da neman mota.

Malamar da muka samu daga baya wata dattijuwa ce da ta yi ritaya daga asibitin gwamnati. Ranar farko ko jakarta ba ta buɗe ba. Ta gaida Hajiya a tsugune, ta tambaye ta garinsu, suka ɗan taɓa hirar mutanen da, sannan ta nemi izini ta ɗaga zani. Ta duba dugadugai, ta duba idon sawu, ƙugu, kafaɗu, har bayan kunne da ƙeya. Ta kamo yatsana ta ɗora a kan duddugen hagu, ta ce in ji. Wurin ya fi sauran jiki ɗumi, ya ɗan yi tauri, fatar tana sheƙi. Ta ce a jikinmu na baƙaƙen fata ba a jiran ganin ja, da hannu ake ganewa, kuma wannan ma gyambo ne yake shirin fitowa. Ta hana mu murza wurin da man zafi kamar yadda muke yi. Ta sa matashi a ƙarƙashin ƙwauri yadda dugadugan za su rataya ba su taɓa katifa ba, ta sa wani a tsakanin gwiwoyi. Wannan dudduge bai taɓa fashewa ba har Hajiya ta koma ga Allah.

Ta cire kalandar bango ta juya bayanta, ta rubuta lokutan juyi: dama, rigingine, hagu, kowanne da awarsa, duk wanda ya juya ya sa hannu. Ta koya mana shimfiɗa zani mai ƙarfi a ƙarƙashinta, mutum biyu su kama gefe da gefe su ɗaga, maimakon jan da muke yi wanda yake saɓule fata. Ta ga ƙanina ya kamo hannun da ya shanye zai tayar da ita zaune, ta dakatar da shi nan take. Kafaɗar da ba ta da ƙarfi tana iya gocewa daga mazauninta in ana ja, ciwon kuma ya zauna. Wajen sa riga, hannun da ya shanye ake fara zurawa. Wajen cirewa shi ne na ƙarshe. Ƙananan abubuwa ne, amma sati bakwai muna yin su a baibai.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne abinci. Muna ba Hajiya shayi da ruwa a kofi tana kishingiɗe, tana tari, muna cewa sannu, muna bubbuga bayanta. Malama ta ce wannan tarin alama ce cewa ruwan yana bin hanyar iska, kuma da haka ciwon huhu yake kama masu shanyewar jiki. Daga ranar, sai an zaunar da ita sosai, an tokare ta da matasai, haɓarta ta ɗan sunkuya. Kunun gyaɗa mai kauri, koko mai kauri, faten dankali, tuwo mai laushi da miyar kuɓewa, da ƙaramin cokali, ba gaggawa. In an gama a duba kuncin ɓangaren da ya shanye, don abinci yana maƙalewa a nan ba ta sani ba. Sannan ta zauna rabin awa kafin a kwantar da ita. Idan Umma tana tari in ta sha ruwa, ko muryarta tana canzawa kamar mai kurkure, ki gaya wa likitanta a wannan satin, kada ki jira ranar komawa asibiti.

Akwai kuma abin da ban yi tsammani ba. Ni ce 'yar fari. Hajiya ba ta taɓa kiran sunana ba tun da ta haife ni, ko haɗa ido ba ma cika yi ba. Ranar da na fara yi mata wanka, ta juya fuskarta bango, hawaye yana bin gefen idonta har cikin kunne, ba ta ce komai ba. Na ɗauka ciwo ne. Daga baya ta fara ƙin cin abinci da daddare, ta rage shan ruwa, ashe don kada ta ɓata shimfiɗa ni in gyara. Yarinyar kuwa sa'ar jikarta ce, ita ma nauyinta take ji. Da malama ta karɓi wanka da tsarki, sai Hajiya ta saki jiki. Kusan sa'o'in juna ne, kuma ta san aikinta ke nan. Ina jiyo su daga tsakar gida, malama tana ba ta labari, ita tana amsawa da 'yan kalmomin da bakinta yake iya fitarwa. In an gama ta shafa mata mai, ta ɗaura mata kallabi, ta sa mata kwalli, ta taimaka mata da alwala ko taimama, ta juya ta gabas. Sai in shigo da kunu in tarar da uwata fes, tana ƙamshin turare, ta dube ni ba tare da sunkuyar da kai ba. Wannan kaɗai ya isa kuɗin da muke biya. Mutane za su ce miki ai ladan jinyar uwa ba a bar wa bare. Ba ki bar wa kowa ba. Ke za ki kwana da ita, ke za ki ba ta abinci, ke za ki yi mata tausa da hira. Kin dai raba ta da abin da yake karya mata zuciya.

Ki lura, malaman ba ɗaya ba ne. Akwai cikakkiyar nas, mai lasisin Hukumar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya. Akwai waɗanda ake kira CHEW, wato ma'aikatan lafiya na al'umma, da suka fito daga makarantun koyon kiwon lafiya, su ne suka fi yawa a ƙananan asibitocin unguwa, su ma da hukumarsu da lasisinsu. Wanka, juyi, auna hawan jini da suga, lura da shan magani, duk CHEW mai hankali za ta yi, kuma kuɗinta ya fi sauƙi. Amma in akwai robar fitsari, ko robar abinci ta hanci, ko gyambo mai zurfi, nas za ki nema, likita kuma ya san da maganar. Mai gashi, wato ƙwararren asibiti mai motsa gaɓoɓin da suka shanye, daban yake, kada ki haɗa shi da su. Watanni uku zuwa shida na farko su ne jiki ya fi saurin dawowa bayan shanyewar ɓarin jiki, don haka ko me za a rage, kada a rage gashi yanzu. Mu mun yi sakaci da watanni biyun farko.

Maganar kuɗi. Awa uku malama take yi mana da safe, kwana shida a sati, kuma abin da muke ba ta ya ninka albashin yarinyar fiye da sau biyu, ban da kuɗin mota. A ido ya yi tsada. Amma ki lissafa abin da gyambo ɗaya ya ci mana: auduga, bandeji, ruwan wanki, maganin ƙwayoyin cuta, zirga-zirgar asibiti da hayar mota, wata biyar cur. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne tun Yulin 2024. Duk wadda ta ce za ta kawo miki ƙwararriya mai kwana, dare da rana, a kan abin da bai kai wannan ba, ki san ba ƙwararriya za a kawo miki ba.

Ba ki tambaya ba, amma sai na faɗa, domin harkar ta cika da macuta. Farar riga da abin awon jini ana sayar da su a kasuwa. Ki ce a nuna miki lasisi, ki duba suna da hoto da ranar ƙarewarsa, ki tambayi asibitin da ta yi aiki, sannan ki tura wani ya je ya tambaya. Mai gaskiya ba ta jin haushin wannan. Wadda daga zuwanta ta fara maganar ƙarin ruwa da allurar ƙarfin jiki, ba tare da takardar likita ba, ki sallame ta a ranar. Mai hawan jini ba a ɗura masa ruwa haka kawai. Dillalai kuma, na 'yan aiki da na masu jinya, da yawansu karɓe albashin suke su miƙa wa mai aikin rabi, wata uku su janye ta su kai wani gida don su sake cin kuɗin kawowa. Ki biya mai aiki hannu da hannu ko ta asusunta. In kuma dillaliya ta kawo miki 'yar ƙanƙanuwa, ki mayar. Dokar hana fataucin mutane ta 2015 ta haramta sa yaron da bai kai shekara 12 ba aikatau, kuma ko ta wuce haka, 'yar shekara goma sha uku ba za ta iya ɗaga babbar mace ba, su biyun za su faɗi.

Masu maganin shanyewar jiki za su same ki har gida, wasu ma ta bakin dangi. Duk wanda ya ce a ajiye maganin hawan jini a sha nasa, ki rufe masa ƙofa, komai rawaninsa. Haka masu cewa a gasa ɓangaren da ya shanye da ruwan zafi ko a kanga shi a garwashi: wurin ba ya jin zafi yadda ya kamata, sai fata ta sale ba ta ce uffan ba. Da sanyin hunturu ma ki nisanta kasko da gadonta. Katifar iska tana da amfani, mun saya, amma ta farko da aka sayar mana tsohuwa ce aka wanke aka mayar kwali, kwana tara injin ya mutu, mai shagon ya ce bai san zancen ba. Ki sa a jona ta a gabanki, ki zauna ki ga layi ɗaya ya kumbura ɗaya ya saki, sannan su yi musanya, ki karɓi rasit. Ki tuna kuma da wuta take aiki. In aka ɗauke na dogon lokaci ta sace, Umma tana kan abu mai tauri ke nan, don haka a shimfiɗa ta a kan katifa ta sosai. Kuma ba ta ɗauke muku juyi ba.

Sai abin da ya kusa raba gidanmu. Mu bakwai ne, amma jinyar a kan mutum biyu ta faɗa, ni da autarmu da ba ta yi aure ba. Mazan suna turo kuɗi in sun tuna, su leƙo ranar Juma'a su ce Allah Ya ƙara sauƙi. Autarmu ta ajiye karatu zango guda, bayanta ya riƙe, wata rana na same ta a bayan ɗaki tana kuka, ta ce ta daka wa Hajiya tsawa da tsakar dare kuma ta kasa yafe wa kanta. Ba mugun hali ba ne, wata huɗu ta yi ba ta yi barcin awa huɗu a jere ba. Sai da kawunmu ya tara mu. Aka yanka wa kowa abin da zai bayar a farkon wata kamar adashi, na nesa ya fi bayarwa, aka raba kwana, aka sa maza ɗaukar Hajiya zuwa kujera da kai ta gashi. Ku yi wannan zaman tun yanzu da zumunci bai yi tsami ba, a gaban babba, a rubuta. Kada a ɗora wa matar ɗa don tana cikin gidan, sai in ita ta ce tana so. Wadda take kwana kuma a ba ta yini ɗaya a sati ta fita ta sha iska.

Saboda haka ki nemi malama ta safe, awa biyu zuwa uku, mace, in da hali mai ɗan shekaru. Ki tsaya a kanta sati biyun farko ki koyi komai da hannunki, ke da duk mai kwana. In kuɗi ya ragu, ki ɗauki babbar mace mai wanki da girki, don wankin mai kwance ba ya ƙarewa, amma a gaya mata tun farko cewa jinya ba aikinta ba ce. In kuɗin ba zai kai kullum ba, ko sau uku a sati malamar ta zo, ya fi yarinya mai kwana.

Yau da daddare kafin ki kwanta, ki kunna fitilar waya ki duba dugadugan Umma da ƙugunta da ƙasan bayanta, ki taɓa da hannu. In kin ji wuri ya yi ɗumi ko tauri ko ya canza launi, ki ɗauke nauyi daga kansa tun a daren, da safe ki kira asibiti.