Injin rataye ko injin ciki: wanne za a saya cikin tsofaffin jiragen nan biyu?

Malam, ka ce an nuna maka jiragen ruwa masu gudu guda biyu na hannu, dukkansu ƙirar Amurka, gangar jikinsu ta faiba ce, tsawon kowanne bai wuce mita biyar da rabi ba. Na farko fentinsa ya koɗe, yana ɗauke da injin rataye na Johnson, wato irin wanda ake ɗaurawa a bangon baya daga waje. Na biyu yana sheƙi, kujerunsa sababbi, injinsa na ciki ne mai ƙafar OMC Cobra wadda ta ratsa bangon baya (ƙafa ita ce sashen da ke sauka cikin ruwa ɗauke da farfela). Masu sayarwa sun ce ƙirar wajejen 1989 ne, kai kuma zuciyarka ta karkata ga na biyun.

Kafin komai, ka tabbatar da shekarar da idonka. Tun Nuwamban 1972 kowane irin wannan jirgi da aka ƙera a Amurka yana da lambar shaida mai haruffa da alƙaluma 12 a saman bangon baya ta hannun dama. Ukun farko suna nuna kamfani, biyar masu bin su lambar jirgin ce, kuma a tsarin da ake bi tun 1984 huɗun ƙarshe su ne lokaci. Idan ka ga J889, to an ƙera shi a Oktoban 1988 a matsayin samfurin 1989, domin A ita ce Janairu, a tafi har L, Disamba. Ka gwada lambar da ta takardu, in ka ga alamar an kankare ta ko an shafe ta da sabon fenti, ka janye daga cinikin.

Inda jiragen biyu suka yi tarayya shi ne inda haɗari ya fi ɓuya. Faiba ba ta ruɓewa, amma yawancin jiragen wancan zamani katako ne a cikin bangon bayansu, da daɓensu, da ginshiƙan da ke kwance a ƙarƙashin daɓen, an lulluɓe shi da faiba. Ruwa yakan shiga ta ramin kusa ko noti ya yi shekaru yana cin katakon, alhali waje yana nan sumul. Ka ɗauki ƙaramar guduma ta roba ka bi bangon kana ƙwanƙwasawa: wuri mai lafiya yana amsawa da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum, kamar an bugi jiƙaƙƙen kwali. Ka taka daɓen ko'ina, musamman gindin kujeru, ka ji ko yana lotsawa. Sabon kafet a tsohon jirgi abin tuhuma ne a wurina, domin sau da yawa kyan ɗan maciji ne.

A jirgi na farko gwajin yana da sauƙi: ka ɗaga injin sama, ka danna ƙafarsa da nauyin jikinka, wani yana kallon bangon. Na taɓa yin haka a wani jirgi da mai shi ya rantse ba a taɓa barinsa cikin ruwan sama ba, sai ga bangon yana numfashi, wani ruwa ja-ja yana tsattsafowa daga gindin notin ƙasa. A jirgi na biyu ba za ka samu wannan damar ba, sai ka tsuguna da tocila a bayan inji ka duba kewayen ramin da ƙafar ta ratsa, ka kuma soka sukudireba a ginshiƙan da inji ke zaune a kansu. In bangon ya ruɓe, a na farko notuna huɗu za a kwance a sauke inji a fara gyara, a na biyu kuwa sai an ciro inji da ƙafa gaba ɗaya kafin ma a ga girman ɓarnar.

Batun inji nan ne hanyarsu ta rabu. Abin sha'awa, kamfani ɗaya ne ya yi su duka, wato OMC, wanda ya durƙushe a Disamban 2000. Kamfanin Bombardier ya sayi injinan ratayensa, Johnson da Evinrude, a 2001, amma ƙafar Cobra an daɗe da daina ƙera ta, saboda haka wasu kayan gyaranta sai an sha nema, masu iya saita giyarta ma ba su da yawa. Injin rataye kuwa, ranar da ya mutu ana sauke shi a ɗora Yamaha ko Mercury ko Suzuki, muddin tsawon ƙafa ya dace da bangon kuma ƙarfin bai wuce abin da aka rubuta wa jirgin ba. Ba na hana na biyu haƙƙinsa: asalin injinsa na mota ne, na GM ko Ford, ya fi shiru, ba ya hayaƙi, kuma bai kai tsohon injin rataye mai ƙona fetur da mai a haɗe shan mai ba. Sai dai yana da wuraren mutuwa da ɗayan ba shi da su. Robar nan mai kama da zugazugi da ke tsakanin ƙafa da bango, in ta tsage, tana iya nutsar da jirgi yana ɗaure a gaɓa. Bututun hayaƙinsa na ƙarfe tsatsa kan ci su daga ciki, balle in ya yi aiki a ruwan gishiri, kuma in ya fito daga ƙasa mai ƙanƙara ba a tsiyaye masa ruwa ba, gangar injin tana iya tsagewa. Ka zaro sandar awon mai: in ka ga man ya koma fari-fari, ruwa ya shiga.

Ga duka biyun, ka sa makanike ya cire fulogi ya auna matsin kowace silinda, kada bambancin ya wuce kashi 10 cikin 100. A buɗe notin man giya na ƙasa a ga ko akwai ruwa ko garin ƙarfe. Ka roƙi kada a tayar da inji kafin ka iso, ka taɓa shi ka ji da sanyinsa, domin ɗumammen inji yana rufa wa kansa asiri. A na farko ka ga ruwan sanyaya inji yana tsartuwa da ƙarfi ta baya. A na biyu a kunna fankar fitar da tururin fetur minti 4 kafin a murɗa makulli.

Ni dai da ni ne, na farko zan ɗauka, da sharaɗin bangonsa da daɓensa sun tsallake gwaji. In ba su tsallake ba, duka biyun a bar su. Kada ka yarda da cinikin biri a sama: a saka jirgin a ruwa, a buɗe masa wuta gaba ɗaya a ga ko juyin injin ya kai adadin da kamfani ya rubuta, sannan bayan rabin sa'a a fito da shi a zare toshiyar ƙasa, ka tsaya ka ga yawan ruwan da zai zubo.