Wasiƙar zagaye ko zauren WhatsApp? Amsa ga ƙanwarmu ta Madina

Ƙanwata, kin tambaya ko ya kamata mu rufe zauren danginmu na WhatsApp mu koma wasiƙar zagaye, tunda kin ce hayaniyarsa ta ishe ki. Ni ban goyi bayan rufewa ba, amma ina tare da ke ɗari bisa ɗari a kan a fara wasiƙar.

Ga waɗanda ba su san ta ba, tsarinta kamar adashi ne. Ambulan ɗaya ke bin gidaje bi da bi. In ya iso hannunka, sai ka karanta wasiƙun kowa, ka cire tsohuwar taka wadda ta gama zagaye, ka saka sabuwa, ka miƙa wa na gaba. Al'ummar Amish ta Amurka, Kiristocin nan masu guje wa kayan zamani, har yau da irinta suke sada zumunci. Kuma kamar yadda adashi ba ya tafiya sai da uwar adashi, ita ma sai an samu mai riƙe jerin sunaye, mai bin sawun ambulan in ya kwana biyu a wani gida.

Wajen sauri dai babu gasa. Rasuwa, haihuwa, wane yana asibiti, jirgin wance ya sauka Jidda: duk wannan na waya ne. Wanda ya rasu da safe a Makka, sau da yawa kafin isha an yi masa salla a Harami. Wace wasiƙa ce za ta riski wannan? Haka nan Inna da ba ta karatu, saƙon murya ya yi mata rana, kamar yadda kaset ya yi wa iyayenmu lokacin da ake naɗar gaisuwa a bai wa alhazai su kai Kano.

Amma ki duba su wa ke magana a zauren. Mutum huɗu ne ko biyar, kullum su ne. Kawu ya rubuta layi biyu kan ciwon ƙafarsa, kafin azahar hotunan barka da Juma'a da bidiyon da aka turo daga wani wuri sun binne shi. Wanda ya gani ya aika ɗan hoton hannu na addu'a, shi ke nan. A wasiƙa kowa da zubinsa. Mai surutu shafi biyu, mai kunya shafi biyu, kuma ba mai katse wani. Mutum yana da mako guda ya yi tunanin abin da zai faɗa, fushi ya huce kafin biro ya taɓa takarda. Rigingimu nawa muka yi a zauren nan da ba za a yi su ba da an bar maganar ta kwana?

Abin da ya fi ja na shi ne abin da ke saura. A akwatin mahaifiyarmu akwai wasiƙar da kakanmu ya aiko daga Mai Wurno, garin nan na Sudan a bakin kogin Shuɗin Nilu da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Da ajami ya rubuta ta, tawadar ta koma ja, takardar ta tsage a inda aka ninke, har yanzu tana ƙamshin turaren da ke cikin akwatin. Ina ganin inda alƙalaminsa ya bushe ya sake tsomawa. WhatsApp tun 2009 yake, na canza waya ban san iyaka ba, kuma muryar Baba da na ce zan adana ta tafi da wayar da ta faɗa ruwa. Wannan har gobe yana ci mini rai.

Wasiƙar ma tana da nata nauyin, kada mu ɓoye. In mutum ɗaya ya riƙe ta, kowa ya tsaya. Yaranmu da aka haifa a nan Saudiyya Larabci suke karantawa, na Kano boko, dattawa ajami, saboda haka dole kowane gida ya samu mai karanta wa sauran. Ni a wurina wannan riba ce, domin zai zaunar da jika kusa da kaka. Kuma tunda kowa zai karanta, ban da kuɗi, ban da lambar igama (katin izinin zama), ban da sirrin aure a ciki.

Hanyar kai ta ba wuya. Tsakanin Jidda, Makka da Madina akwai jirgin ƙasan Haramaini tun 2018, ba a rasa ɗan'uwa mai tafiya. Riyad sai gidan waya, a rubuta cikakken adireshin ƙasa na mai karɓa. Kano kuwa ta hannun masu umara, amma a bar ambulan a buɗe, mai ɗauka ya gani da idonsa takarda ce kawai, domin ana gargaɗin matafiya sosai kan karɓar saƙon da ba su san cikinsa ba.

Mu fara da gida bakwai, kowane gida mako guda, mako bakwai ke nan, in an haɗa da kwanakin hanya zagaye ɗaya wata biyu ko da ɗan ɗoriya. Zauren ya zauna don sanarwa da gaggawa. Ni zan riƙe jerin sunayen, kuma ambulan na farko zai tashi daga gidana a Jidda ranar Asabar. Ki faɗa mini wa zai karɓa a Madina.