Redis wajen riƙe shaidar shiga manhaja: yadda na same shi

Ƙungiyar manoman shinkafa da nake kula da manhajarta a yankin Auyo tana amfani da Redis, wani rumbun adana bayanai na kwamfuta wanda Salvatore Sanfilippo ɗan Italiya ya fito da shi a 2009, wajen riƙe shaidar cewa mamba ya shiga da kalmar sirrinsa. A ganina kayan aiki ne nagari, yana da sauri ƙwarai domin bayanansa a RAM suke zaune, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, amma duk wanda ya girka shi bai zauna ya saita shi ba zai gane kurensa ranar da jama'a suka yi yawa.

A lokacin rajistar takin noman rani, manomi zai sa kalmar sirrinsa daidai, manhajar ta sake mayar da shi shafin farko, alhali sakatare da ya shiga tun safe yana ta aikinsa lafiya lau. Wannan bambanci shi ne ya tona asirin matsalar. Idan Redis ya cika iyakar RAM da aka yanka masa, wadda ake kira maxmemory, tsarinsa na asali mai suna noeviction yana ƙin karɓar sabon rubutu, wato adana sabon bayani, amma yana barin a karanta abin da ke ciki, kuma kowace sabuwar shiga rubutu ce. Wanda ya fara haɗa manhajar bai sa wa shaidun wa'adin ƙarewa ba, ga kuma raunin sabis a ƙauyukanmu da ke sa mutum guda ya yi ta maimaita shiga, kowace ta bar tata shaidar, har rumbun ya cika maƙil.

Abin da zan yaba shi ne Redis ba ya ɓoye ciwonsa. Saƙon "OOM command not allowed" ya fito ƙarara, umarnin INFO memory kuma ya nuna yawan abin da aka cinye. Da aka sa wa kowace shaida wa'adi da umarnin EXPIRE, aka koma tsarin volatile-lru mai share shaidun da aka daɗe ba a taɓa ba, sai shiga ta daidaita.

Akwai wani tarkon da ya kamata a sani: idan faifan ajiya na sabar, wato kwamfutar da Redis yake aiki a kanta, ya cika har Redis ya kasa adana kwafin bayanansa, nan ma yakan daina karɓar rubutu, ya fitar da saƙon MISCONF. Saboda haka ina ba ƙananan ƙungiyoyi shawarar amfani da shi, da sharaɗin akwai mai leƙa RAM da faifai kafin ranar rajista.