Injin Lantarkin Masunta ko Ƙaramin Injin Fetur: Wanne Ya Dace da Jirgi Mai Tafiya da Iska?

Ɗan'uwa, ka ce ka sayi jirgin ruwa mai tafiya da iska samfurin Catalina 22 a Amurka, kuma kana son sanin ko ƙaramin injin lantarkin nan da masu kamun kifi ke maƙalawa a bayan kwalekwale zai wadatar da kai a matsayin injin ko-ta-kwana, ko kuwa sai ka nemi na fetur. Amsar ta rataya ne a kan irin ranar da kake tanadi dominta, wato ranar da iska ta ɗauke, ko ranar da ta yi yawa.

Injin masunta irin na Minn Kota da MotorGuide ana auna shi da ƙarfin turawa a ma'aunin laba, kuma mafi girma da aka saba samu a kan batir mai bolt 12 shi ne mai laba 55. Ƙa'idar da masu sayarwa ke bi ita ce laba 2 na turawa ga kowace laba 100 ta nauyin jirgi, wato mai laba 55 zai iya da jirgi mai nauyin laba 2,750, don haka jirginka, wanda ya ɗara tan ɗaya (kusan laba 2,200) da kaɗan, ya shiga cikin lissafin, amma da ƙyar. Idan aka buɗe injin gaba ɗaya yana jan kusan amfiya 50, wato wajen wat 600. Batirin gubar dalma mai amfiya-awa 100, wanda ba a so a zuƙe fiye da rabinsa don kada ya lalace da wuri, zai ba ka kusan awa ɗaya, yayin da na litiyam zai kai ka kusa da awa biyu. Idan ka rage gudu, lokacin yana ninkawa sosai. Sai dai an ƙera farfelar injin ne domin tafiyar sannu a bi kifi, shi ya sa ko a ruwa mai kwance da wuya ka wuce kilomita 5 a awa.

Shi kuwa na fetur, irin Suzuki DF2.5 ko Honda BF2.3, ƙarfinsa ya kai wat 1,700 zuwa 1,800, kusan ninki uku ke nan na injin lantarkin. Tankinsa na kusan lita ɗaya yana yin wajen awa guda, kuma idan ya ƙare, ƙari ne kawai daga jarka, alhali batir sai an kwana ana caji. Aibinsa sananne ne: ƙara, wari, canjin baƙin mai, da kuma fetur da ke daɗewa ya toshe kafireta. Wannan na ƙarshe ya fi damuna, domin injin ko-ta-kwana yakan yi watanni ba a taɓa shi ba, sannan a ja igiya ya ƙi tashi a daidai lokacin da ake buƙatarsa. A nan na lantarki ya yi masa fintinkau, muddin akwai caji.

Abin da nake so ka riƙe da muhimmanci shi ne batun iska. Idan gudunta ya ninka sau biyu, ƙarfin da take tura jikin jirgi da shi yana ninkawa sau huɗu. Saboda haka injin da ya fitar da kai daga matsaya cikin sauƙi da safe zai iya kasa juya hancin jirgin zuwa iska da yamma, a lokacin da take kora ka wajen duwatsu. Haka abin yake a bakin teku, inda gudun ruwa lokacin hawa da sauka kan kai gudun injin ko ya zarce shi, ka wayi gari kana tsaye wuri ɗaya batir yana ƙarewa.

Don haka, idan a ƙaramin tafki kake, kuma buƙatarka ita ce fita da komowa idan iska ta ɗauke, na lantarki ya isa. Ka zaɓi mai dogon wuya don kada farfela ta riƙa fitowa daga ruwa, ka kuma ware masa batirinsa daban da na fitilu da rediyo. Idan kuwa teku za ka shiga, ko manyan tafkuna irin Michigan da Erie, ka ɗauki na fetur mai ƙarfin doki 4 zuwa 6, wanda ya fi waɗanda na ambata a sama ƙarfi. In ba ka son fetur sam, injunan lantarki irin Torqeedo Travel da ePropulsion Spirit suna ba da kusan wat 1,000, kodayake kuɗinsu ya ninka na injin masunta sau da yawa. Ko wanne ka zaɓa, kada ka fita ba tare da anka (ƙarfen da ake jefawa cikin ruwa don tsayar da jirgi) da isasshiyar igiya ba.