Ɗai-ɗai ko tari guda: abin dubawa kafin laburare ya zaɓi hanyar shigar da kaya a katalog

Duk ma'aikacin laburare da ya taɓa buɗe kwali ya tarar da ɗaruruwan ƙananan ƙasidu, da fostocin zaɓe, da yankakkun shafukan jarida da suka fara yin ja saboda tsufa, ya san tambayar da ke jiransa: kowace takarda za a buɗe mata bayaninta a katalog, ko kuwa a haɗe su a ƙarƙashin bayani guda? Amsar ce ke nuna irin manhajar da za a ɗauka da yawan hannun da aikin zai ci, saboda haka sai an yanke ta kafin a fitar da kuɗi.

Shigarwa ɗai-ɗai ta fi dacewa da littattafan da aka buga, domin galibi wani laburaren ya riga ya rubuta bayaninsu, sai dai a kwafo daga rumbu irin WorldCat. Ƙasida mai shafi takwas da ba ta da sunan mawallafi kuwa, daga tushe za a faro mata, kuma a nan ne kwalaye kan shekara a rufe ba wanda ya san da zamansu.

Hanya ta biyu ita ce a ɗauki tarin tamkar abu ɗaya. Tsarin MARC 21, wanda laburare ke bi wajen rubuta bayanan katalog a gurabe masu lamba, ya yi tanadin haka: a sashen farko na bayanin, wato Leader, ana sa harafin c a matsayi na 07 don nuna cewa tari ne. Ma'aikacin ne ke raɗa wa tarin suna a gurbi na 245, ya faɗi yawansa a 300, ya bayyana yadda aka jera shi a 351, sannan ya taƙaita abin da ke ciki a 520. Wannan taƙaitawa ita ce ran aikin, domin idan aka yi ta da ganganci to an binne tarin ne kawai. Sharaɗin shi ne kayan su kasance da abin da ya haɗa su na gaskiya, ko tushe ɗaya, ko batu ɗaya, ko nau'i ɗaya. Tarkacen da kwali kaɗai ya haɗa su ba tari ba ne. Illar hanyar a fili take. Mai neman sunan marubucin wata ƙasida ba zai same shi ba sai in an ƙara sunan da gangan, kuma idan takarda ta salwanta, da wuya a lura. Duk da haka, tun bayan maƙalar da masana adana takardun tarihi Mark Greene da Dennis Meissner suka fitar a 2005, masu adana takardun tarihi da dama sun karkata ga cewa gara bayani taƙaitacce da zai buɗe tarin ga jama'a da cikakken bayanin da ba a san ranar kammala shi ba.

Ni dai na fi natsuwa da hanya ta uku: bayani guda a katalog, haɗe da takardar jagora da ke lissafa abin da ke cikin kowane kwali da kowane fayil, a ambace ta a gurbi na 555, a sa adireshinta na intanet a 856. Ƙa'idojin ISAD(G) na 1994 da DACS na 2004, waɗanda ake bi wajen bayyana takardun tarihi, an gina su ne a kan irin wannan bayani mai hawa-hawa.

Daga nan sai batun manhaja. Koha ta wadatar da laburaren da yawancin kayansa littattafan aro ne, kuma tana iya ɗaure ƙaramin bayani da babba ta gurbi na 773, amma ba don nuna rassan tari aka ƙera ta ba. ArchivesSpace da AtoM don wannan aka yi su, kuma suna fitar da jagora a tsarin EAD, wato tsarin rubuta takardar jagora da kwamfuta ke iya karantawa, sai dai ba sa tafiyar da aron littattafai na yau da kullum. Dukkansu ba a biyan kuɗin lasisi, amma masaukin bayanai da horar da ma'aikata ba kyauta ba ne. Kafin a sa hannu da kowane kamfani, a miƙa masa jerin kayan kwali ɗaya ya shigar a gaban ido, sannan ya fitar da bayanin a fayil ɗin da wata manhajar za ta iya karantawa ba tare da hawa-hawan ya rushe ba.