Kwangilar bincike ko kamfanin jami'a?

Jami'a na da hanyoyi biyu na hulɗa da 'yan kasuwa. Ta farko, kamfani ya zuba kuɗi, malamai su yi masa bincike. Kuɗi a hannu, ɗalibai sun samu kayan aiki, sai dai mai kuɗi ke zaɓar tambayar, wani lokacin har ya jinkirta wallafa sakamakon.

Ta biyu, jami'a ta bar masu bincikenta su kafa kamfani, ta riƙi hannun jari. Haka Google ya fito daga Jami'ar Stanford a 1998. Amma da dama daga cikin irin waɗannan kamfanoni tun suna rarrafe suke mutuwa, shi ya sa jami'a mai ƙaramin ƙarfi gara ta fara da kwangila.